Kasuwar Da Ake Sayen Doki Tun Ba A Taɓa Ɗora Masa Sirdi Ba

'Yan'uwa fatake da dillalai, a wannan fitowa za mu ɗan bar kara da turke, mu leƙa wata kasuwar dabbobi da ke ci a ƙasashen Turai da Amurka, wato kasuwar gwanjon duƙusan dawakin sukuwa. Wani zai ce ina ruwan mai fataucin shanu da dokin Bature? To, ruwa kuwa akwai shi, domin duk abin da ke hana mu barci a wannan sana'a, su ma shi ke hana su: dillali mai fuska biyu, da dabbar da aka gyara wa jiki don ranar kasuwa kaɗai, da bashi, da sayen ƙaramar dabba bisa fatan abin da za ta zama gobe. Bambancin kawai shi ne, mu idan ciniki ya juya mana baya muna da mahauci, ko ba komai za a auna nama a rage asara. Su kuwa dokin da ya ƙi gudu, kuɗinsa sun bi ruwa ke nan.

Dawakin da ake magana iri guda ne, Turawa na kiransu "tarobired", wato mai cikakken asali. A Ingila aka samar da irin, kuma kowane ɗaya daga cikinsu da ke duniya yau, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, sai ta tuƙe ga ɗaya daga cikin ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Gabas: Byerley Turk, da Darley Arabian wanda aka sayo a birnin Halab na Sham a 1704, da kuma Godolphin Arabian wanda ya iso wajen 1730. Shi wannan na ukun ana cewa ta Tunis ya bi ya shiga Faransa kafin ya ƙetara Ingila, har wasu masana na ganin dokin Barbar ne na Arewacin Afirka, wato dangi ne ga dawakin da muka sani a nan yankinmu. A 1791 wani mai suna James Weatherby ya fitar da littafin asalin dawaki, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunan gidansu ne ke riƙe da littafin har yanzu. Dokin da ba a rubuta uwarsa da ubansa a irin wannan littafi ba, ko da ya fi iska gudu, ba ya shiga wannan gwanjo. Kuma sharaɗi ne sai ingarma ya hau goɗiya da kansa. Ba a karɓar ɗan da aka samu ta hanyar ɗura iri da allura, irin yadda likitocin dabbobi ke yi wa shanu.

Akwai wata al'ada tasu mai ban mamaki. A Turai da Amurka, duk dawakin nan ranar haihuwarsu ɗaya ce a takarda, wato 1 ga Janairu. Wanda aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a Mayu, duk sa'o'in juna ne a idon kasuwa da filin sukuwa. Tun da goɗiya na ɗaukar ciki wajen wata 11, masu kiwo kan yi ƙoƙari haihuwa ta faɗo a farkon shekara, don ɗansu ya riga 'yan'uwansa girma. Amma fa a yi hattara, idan ya yi gaggawa ya faɗo ran 30 ga Disamba, bayan kwana biyu za a ce masa ɗan shekara ɗaya. Wannan asara ce babba ga mai shi.

A shekarar da ta biyo bayan haihuwa, tsakanin Yuli da Oktoba, ake kai su gwanjo. A lokacin duƙushi bai fi wata 18 ba ko kusa da haka, ba a taɓa ɗora masa sirdi ba, ba wanda ya taɓa ganin gudunsa da mahayi, galibi ko suna ba a raɗa masa ba, sai lamba da ake manna masa a ƙugu. A kan wannan ake zuba miliyoyi.

Manyan kasuwannin ba su da yawa. A Ingila akwai Tattersalls a garin Niyumaket, kamfanin da Richard Tattersall ya kafa a Landan a 1766. A Amurka akwai Keeneland a garin Lezinton na jihar Kentaki, wadda ta fara gwanjon duƙusai a 1943, lokacin da yaƙin duniya ya hana masu kiwo samun jirgin ƙasan kai dawakinsu kasuwar Saratoga. Ku ji fa, matsalar sufuri ce ta haifi kasuwar, kamar yadda mu ma rufe wata iyaka ko lalacewar wata hanya kan tayar da sabuwar kara a inda ba a zata ba. Gwanjon Keeneland na watan Satumba kan ɗauki kusan mako biyu, ana jera dubban duƙusai, kuma a 2022 cinikin da aka yi ya haura dala miliyan 400. Akwai kuma Fasig-Tipton a Amurka, da Goffs a Ailan, da Arqana a Faransa.

Wani abu da zai ba dattawanmu da suka ci zamanin fam da sule sha'awa: a Tattersalls da "gini" ake yin ciniki, ba da fam ba. Gini ɗaya fam ɗaya ne da sule ɗaya, wato sule 21. Asalinsa kuɗin zinariya ne da aka fara bugawa a 1663 da zinariyar da ake ɗebowa daga gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma, daga nan ya samo sunan. An daina buga kuɗin tun shekaru fiye da 200 da suka wuce, amma 'yan dawaki sun riƙe lissafin. A bisa tsohuwar al'ada, mai saye ya biya gini, mai doki ya karɓi fam, sulen nan da ke kai shi ne la'adar mai gwanjo. Kowa ya san la'ada tun kafin a buɗe baki, ba a ja mutum gefe ana raɗa masa a kunne.

Yadda ake duba kaya

Makonni kafin ranar gwanjo ake buga littafin kaya. Kowane duƙushi da shafinsa guda: ubansa, uwarsa, uwar uwarsa, har kaka ta uku ko ta huɗu, da abin da kowanne ya taɓa ci a sukuwa. Dangin da suka ci manyan gasa, da baƙin rubutu mai kauri ake buga sunansu, shi ya sa mai saye yana buɗe shafi abin da ya fara dubawa shi ne yawan baƙin. Shafin da ya yi fari fat, sai dai mai dokin ya yi ta addu'a.

Sa'an nan a je barga. Su ma masu dawakin ba zaune suke ba, wata biyu ko fiye suna shiri: ana ciyarwa, ana zagayawa da shi a ƙafa kullum don tsoka ta fito, ana gyara kofato, ana goge jiki har ya riƙa sheƙi. Kiwon turke ke nan sak, irin wanda muke yi wa sa ko rago gabanin Salla. Mai saye ya zo ya ce a fito masa da lamba kaza. Sai a tsayar da shi, a dubi ƙirji, da kafaɗa, da tsawon wuya, da gwiwa, da yadda ƙafa ta sauka a kan kofato. Sai a ce a tafi da shi a dawo, shi kuma yana tsaye a baya yana kallon yadda yake jefa ƙafa. Wannan tafiya ta 'yan taku ita ce kaɗai shaidar gudu da zai samu. Duƙushin da ake rububinsa, a yini guda sai a fito da shi sau da yawa har ya gaji, kuma masu saye na lura da wanda gajiya ta sa ya fara harbi da cizo, da wanda ya daure.

Abin da ido ba ya gani kuma, likita ke dubawa. Tun 1996 Keeneland ta buɗe ɗaki na musamman inda masu dawaki ke ajiye hotunan ƙashin gaɓoɓin kowane duƙushi, likitan mai saye ya shiga ya duba ko akwai tsagewa ko ɓarɓashin ƙashi a gwiwa. Ana kuma zura wani siririn bututu mai madubi ta hanci a leƙa maƙogwaro, domin dokin da maƙogwaronsa ba ya buɗewa sosai, numfashi zai yanke masa a tsakiyar gudu. Mu da ke buɗe baki mu ƙidaya haƙori, mu taɓa tozo, mu matsa gindin wutsiya, mun san ma'anar wannan, sai dai su kayan aikinsu sun fi namu.

Kada a ɗauka duk wannan ya kashe algus. Kamar yadda wani a kararmu kan ba sa kanwa da gishiri ya kwankwaɗi ruwa cikinsa ya ɗau ido, haka aka yi ta kukan ana yi wa duƙusai allurar ƙara tsoka, mai saye ya kai gida bayan 'yan makonni doki ya zube. Sai a 2008 manyan kamfanonin gwanjo na Amurka suka ba mai saye damar sa a gwada jinin dokin da ya saya, idan aka sami maganin a mayar wa mai shi kayansa. Haka nan a Ingila akwai aibobin da dole a faɗa kafin a sayar, kamar dokin da ke cizon katako yana haɗiyar iska. Idan aka ɓoye, mai saye na da 'yan kwanaki da zai iya mayarwa.

Cikin zagaye

Wurin gwanjon kansa ɗan zagaye ne da kujeru kewaye da shi. A shigo da duƙushi ana riƙe da ragama, a zaga da shi, mai gwanjo na bisa dandamali da 'yar guduma a hannu yana zuba magana kamar maroƙi, yaransa na tsaitsaye suna zare ido cikin jama'a don kama mai tayi. Manyan masu saye ba sa ɗaga hannu, wani ƙifta ido ne, wani gyaɗa kai, wani ma yana can bayan gini inda ba za a gan shi ba, don da zarar an ga babban attajiri na so, sai farashi ya tashi. Minti ɗaya ko biyu an gama. Guduma na faɗuwa doki ya zama na mai saye, ko da zai karye a bakin ƙofar fita, asararsa ce. Shi ya sa da yawa ke sa inshora ta fara aiki tun daga wannan daƙiƙa.

Mai doki ba ya cewa "albarka" a nan, amma yana da makwafinta. Tun kafin a shiga ya kan gaya wa kamfani a asirce farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba. Idan tayi bai kai ba, sai ya ja dokinsa ya koma, ga kuɗin barga da na sufuri a wuyansa, ga kuma tambarin "an kai shi an ƙi saye". Wanda ya taɓa kora shanu kwana da kwanaki zuwa kurmi ya tarar kasuwa ta faɗi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Wurin da muke ganin sun tsere mana da gaske shi ne sha'anin biyan kuɗi. Ba wanda ke tayi sai ya fara gamsar da kamfani cewa yana da abin biya. Kamfanin ke karɓar kuɗi daga mai saye, ya cire la'adarsa, ya biya mai doki bayan 'yan makonni. Mai kiwo ba ya bin kowa bashi gida-gida. Mu kuwa, mutum nawa ne a cikinmu suka zauna wata guda a gidan maigida a Kumasi ko Ibadan ko Duwala suna jiran mahauci ya sayar da nama kafin ya biya? Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu ya taɓa ba da bijimai takwas a kan amana, da shaidar dillali, ya koma gida da alkawarin mako biyu. Sai da damina ta wuce kafin ya ga rabin kuɗin, sauran kuwa har yau ana "gobe". Ba takarda, ba sa hannu, dillalin ma ya ce shi haɗawa kawai ya yi.

To amma su ma dillalan nasu ba waliyyai ba ne. Attajiri ba ya zuwa barga da kansa, wakili yake ɗauka ya biya shi la'ada, galibi kashi 5 cikin 100. Abin da aka daɗe ana kuka da shi shi ne wakilin ya kewaya ta baya ya shirya da mai doki: "zan sa maigidana ya kai tayi kaza, abin da ya hau mu raba." Ya ci nan ya ci can, maigidan na ta murna ya sami doki. Abin ya yi ƙamari har aka yi ta shari'a a Amurka, kuma a 2006 jihar Kentaki ta yi doka cewa ba dama wakili ya wakilci ɓangare biyu a cinikin doki sai da sanin kowa da yardarsa a rubuce. Wannan magana ce da ya kamata shugabannin kara su yi mata zama, ko da ba a kai ga dokar gwamnati ba.

Me ya sa suke zuba irin wannan kuɗi?

Kuɗin da doki ke ci a sukuwa, in ban da ƙalilan, ba ya mayar da jari. Abin da ake farauta shi ne ingarman barbara. Duƙushin da ya girma ya ci manyan gasa, sai a ajiye shi ya riƙa hawan goɗiyoyi fiye da 100 a shekara, kowace da kuɗinta. A 2024, kuɗin kai goɗiya ɗaya wurin Frankel ko Dubawi, manyan ingarmun Ingila, fam 350,000 ne. Ku yi lissafi da kanku. Wani attajirin Japan ya sayi Fusaichi Pegasus dala miliyan 4 a Keeneland a 1998, dokin ya ci babbar gasar Kentaki a 2000, aka sayar da shi don barbara a kan kuɗin da aka ce sun haura dala miliyan 60. Irin wannan labari guda shi ke sa mutum ɗari su buɗe jaka.

Sai dai ido na kuskure, takarda ma na kuskure. A 1962 an fitar da wani ɗan guntun duƙushi a Kanada a kan dala 25,000, ba wanda ya taya saboda gajarta, mai shi ya mayar da abinsa gida. Shi ne Northern Dancer, wanda ya ci gasar Kentaki a 1964, daga baya kuma jininsa ya mamaye dawakin sukuwa na duniya. A 1975 an sayi Seattle Slew dala 17,500 kacal, don ƙafarsa ta gaba ta ɗan karkace kuma iyayensa ba su yi suna ba tukuna. A 1977 ya cinye manyan gasa uku na Amurka ba a taɓa kayar da shi ba.

'Ya'yan wancan guntun da aka raina su ne suka haukata kasuwa a farkon shekarun 1980. A lokacin an sami ɓangarori biyu masu ja da juna a Keeneland: 'yan gidan sarautar Maktum na Dubai, da kuma Robert Sangster na Ingila da abokansa na Ailan. A Yulin 1983 aka shigo da wani ɗan Northern Dancer, tayi ya yi ta hawa har ya wuce dala miliyan 10, allon nuna farashi ma ya rasa gurbin lambar. Shaihu Muhammad bin Rashid Al Maktum ya ɗauke shi a dala miliyan 10.2, aka sa masa suna Snaafi Dancer. Da aka fara horar da shi sai aka ga ba shi da gudu, har ba a taɓa sa shi a gasa ko sau ɗaya ba. Aka ce to a kai shi barbara ko jininsa ya yi amfani, nan ma aka tarar ba ya haihuwa sosai, 'ya'ya huɗu kaɗai ya bari. A 1985 su Sangster suka biya dala miliyan 13.1 a kan Seattle Dancer, wanda suke uwa ɗaya da Seattle Slew. Shi ya ɗan taɓuka, ya yi gasa biyar ya ci biyu, amma ina aka ga miliyan 13? Bayan wannan shekara farashi ya fara zubewa, masu kiwo da yawa da suka ci bashin banki bisa zaton kasuwa za ta ci gaba da hawa suka rasa gonakinsu.

Akwai kuma wasu da sana'arsu ta fi kama da tamu, wato 'yan sari. Ba su da niyyar sukuwa; su sayi duƙushi a wannan gwanjo, su kai gona su horar da shi wata shida ko bakwai, su dawo da shi wani gwanjon na 'yan shekara biyu, inda ake sa kowane doki ya yi ɗan gajeren gudu a gaban jama'a ana auna shi da agogo. Riba ko faɗuwa duk a kan wannan 'yan daƙiƙoƙi take, kuma ciwo ɗaya a gwiwa ya isa ya cinye jarin shekara.

A 2005 wasu 'yan sari biyu na jihar Fulorida suka sayi wani duƙushi dala 425,000. A farkon 2006 suka kai shi gwanjon Fasig-Tipton, ya yi gudun gwaji na mita 200 a ƙasa da daƙiƙa 10. Nan take wakilin gonar Coolmore ta Ailan da wakilin Shaihun Dubai suka sa shi a tsakiya, ba wanda ke son a ce shi ya fara sunkuyar da kai, har guduma ta faɗi a dala miliyan 16, Coolmore ta ɗauka. 'Yan sarin sun ninka kuɗinsu fiye da sau 37 cikin 'yan watanni. Dokin, wanda aka raɗa wa The Green Monkey, ya yi gasa uku bai ci ko ɗaya ba, abin da ya samo bai wuce dala dubu 10 da 'yan kai ba. Daga ƙarshe gonar 'yan sarin nan da suka sayar da shi aka mayar da shi barbara, ana biyan dala 5,000 a kan kowace goɗiya, yana nan a wurinsu har ciwon kofato ya yi ajalinsa a 2018.